Yoga Mai Sauƙi Ga Mai Daɗaɗɗen Ciwo: Yadda Ake Auna Motsi Da Ƙarfin Jiki

A Maraɗi, idan ciwon baya ko na gwiwa ya daɗe a jikin mutum, shawarar da yake samu daga dangi da maƙwabta ba ta cika wuce iri biyu ba. Wasu su ce ya kwanta ya huta, kada ya taɓa komai sai ya warware, wasu kuma su ce ya daure ya ci gaba da harkarsa domin jiki ba ya son shagwaɓa. A tsakanin waɗannan shawarwari ne ƙwayoyi suke shigowa, diklofenak da ibuprofen daga hannun masu tallar magani a bakin kasuwa, wani lokaci har da tramol, sannan a bi da ƙaho wurin wanzami da tausa da man zafi. A shekarun nan wayar hannu ta ƙaro wani abu a kan wannan jeri, domin ƴaƴa da jikoki suna cin karo da bidiyon yoga, wato motsa jiki na miƙa gaɓoɓi da daidaita numfashi, a YouTube da TikTok, su kawo wa tsohon da ke jinya da kyakkyawar niyya, alhali wanda ke cikin bidiyon matashi ne lafiyayye da ke iya naɗe ƙafarsa a wuya. Mai ciwo ya kalla, ko dai ya yanke ƙauna ya ce wannan ba nasa ba ne, ko kuma ya gwada ya ji rauni. A ganina duk biyun asara ce, domin a cikin yoga akwai abin da zai amfani mai daɗaɗɗen ciwo, amma amfanin yana fitowa ne kawai idan an rage motsin, an sake masa siffa, an auna shi da ƙarfin wannan mutumin a wannan ranar.

Kafin a yi maganar motsi, dole a fahimci irin ciwon da ake magana a kai. Masana lafiya suna kiran ciwo daɗaɗɗe idan ya wuce wata 3 yana nan ko yana dawowa, kuma kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya da ya fara aiki a 2022 ya ba shi sashe na kansa. Dalilin wannan rarrabewa shi ne ciwon da ya daɗe ba ya aiki kamar sabon rauni. Idan mutum ya taka ƙaya, zafin yana nuna masa daidai inda ɓarnar take da girmanta. Amma idan ciwo ya shafe watanni, jijiyoyi da laka da ƙwaƙwalwa sukan ƙara saurin amsawa, har ɗan motsin da ba ya cutar da komai ya riƙa haifar da zafi mai tsanani. Abin ya yi kama da maigadin da aka taɓa shiga gidan da yake tsaro: daga wannan dare ko akuya ce ta goga ƙofa sai ya tashi unguwa da ihu. Ihun gaskiya ne, zafin ma gaskiya ne, kuma zalunci ne a ce wa mai ciwo raki yake yi, sai dai ƙarfin zafin bai zama ma'aunin lalacewar da ke cikin gaɓa ba. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka nuna cewa saƙon zafi yana iya ƙaruwa ko raguwa a cikin laka kafin ya isa ƙwaƙwalwa, kuma binciken da ya biyo baya ya tabbatar da cewa tsoro da rashin barci da damuwa suna ƙara shi. Hoton asibiti ma ba ya warware zancen shi kaɗai, domin wani nazari na 2015 a kan mutanen da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan ya samu alamun tsufan faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya a kashi 37 cikin 100 na masu shekara 20, da kashi 96 cikin 100 na masu shekara 80.

Daga nan ake gane abin da ya sa doguwar kwanciya take cutarwa. Wanda ya daina motsi saboda tsoron zafi, tsokarsa tana raguwa, gaɓoɓinsa suna sandarewa, ƙafarsa tana rasa tabbaci a ƙasa, sai aikin da a da yake yi ba wahala ya zama dutse, zafin ya ƙaru, tsoron ya ƙaru tare da shi. Wanda ya bi shawarar daurewa kuma yakan faɗa wani tarkon: ranar da ya ji dama-dama sai ya tashi ya rama duk ayyukan da suka taru, ya yi shara da wanki da zuwa kasuwa, washegari ya kasa ɗaga kai har kwana uku. Motsa jiki na magani yana neman hanyar da ke tsakanin waɗannan biyu, kuma yoga mai sauƙi ɗaya ce daga cikin hanyoyin, ba ita kaɗai ba.

Ya dace a faɗi gaskiyar abin da bincike ya nuna, domin masu tallata yoga a intanet suna yawan zuzutawa. Ciwon ƙasan baya ya shafi mutum miliyan 619 a duniya a 2020, shi ya sa aka fi yin gwaji a kansa. A 2017 ƙungiyar likitocin cututtukan cikin jiki ta Amurka ta sanya yoga cikin hanyoyin da ya kamata a fara gwadawa kafin ƙwayoyi ga mai daɗaɗɗen ciwon baya. A 2017 ɗin kuma aka fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a birnin Boston a kan mutum 320, yawancinsu masu ƙaramin ƙarfi, inda aka samu cewa darasin yoga mai sauƙi sau ɗaya a mako na tsawon mako 12 bai gaza aikin masu gashin ƙashi ba wajen rage zafi da dawo da iya aiki, kuma waɗanda suka yi yogar sun rage shan maganin ciwo. Amma da ƙungiyar Cochrane, mai tace sakamakon binciken lafiya, ta tattara gwaje-gwaje 21 a 2022, ta kammala cewa sauƙin da ake samu ɗan kaɗan ne idan an kwatanta da rashin motsa jiki, cewa yoga ba ta nuna fifiko a fili a kan sauran motsa jikin baya ba, kuma wasu mahalarta ciwonsu ya ɗan tashi a lokacin. Ma'anar wannan a wurina ita ce kada a yi wa kowa alƙawarin warkewa. Abin da za a iya sa rai shi ne raguwar tsoron motsi, ɗan gyaruwar barci, da dawowar wasu ayyukan yau da kullum, kuma ga wanda ya shekara bai iya fita zaure ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2023 sun tafi a kan wannan layi, domin sun goyi bayan tsararren motsa jiki da ilmantar da maras lafiya, sun kuma hana dogaro da ɗamarar baya da magungunan dangin tramol.

Sharaɗin farko, wanda ba a tsallake shi, shi ne likita ya duba mutum ya san musabbabin ciwon. A yankinmu wannan ya fi nauyi fiye da a ƙasashen da aka yi waɗancan gwaje-gwaje, domin tarin fuka yana iya kama ƙashin baya ya cinye shi a hankali, kuma mai wannan cuta magani na watanni yake buƙata, miƙa da lanƙwasa suna iya jawo masa shanyewar ƙafafu. Ciwon baya mai tafiya da zazzaɓi, ko rama ba dalili, ko zufar dare, ko wanda ke tsananta da dare ko mutum yana kwance, ko wanda ya biyo bayan faɗuwa daga babur, duka na asibiti ne. Idan kuma ƙafa ta fara mutuwa, ko mutum ya daina jin taɓi a tsakanin cinyoyinsa, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa ko suka ƙi fita, to a ranar za a kai shi babban asibiti, ba a jira gobe ba.

Idan likita ya ba da dama, sai a zo ga daidaitawar kanta. Tunanin ba sabo ba ne a cikin yoga. B.K.S. Iyengar, malamin yoga na birnin Pune a Indiya wanda ya rayu daga 1918 zuwa 2014, ya taso ne da ciwon zazzaɓin cizon sauro da taifot da tarin fuka, kuma shi ya yaɗa amfani da katako da ɗamara da bargo da kujera domin wanda jikinsa bai kai ba ya samu amfanin motsi ba tare da ya tilasta wa kansa ba. Hikimar ita ce a tambayi abin da ake nema daga kowane motsi, sannan a nemi hanya mafi sauƙi ta samunsa. Idan manufar sunkuyawa ita ce a saki tsokar bayan cinya, ba dole sai hannu ya taɓa ƙasa ba, mutum yana iya kwanciya rigingine ya zagaya ɗankwali ko rawani a tafin ƙafarsa ya ɗaga ta gwargwadon iko. Kayan da ake sayarwa da tsada a shagunan Turai duk suna da makwafi a gidajenmu: matashin kai, zani da aka ninke, bulo, bangon ɗaki, da kujerar roba da aka jingina da bango don kada ta zame.

A ɗauki misalin dattijuwa mai shekara 60 da ɗoriya a unguwar Bagalam ko Mokoyo, wadda ta kwashe rayuwarta a kan kujerar tsuguno tana matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, yanzu gwiwoyinta sun kumbura, kwankwasonta ya riƙe, ba ta tashi sai an kama ta. Kuskuren da aka fi yi da irinta shi ne a shimfiɗa tabarma a ce ta sauka ƙasa, alhali saukar da tashin su ne mafi wuyar abin da za ta yi a ranar. Ita a kan gado za ta fara, muddin katifar ba mai lotsawa ba ce. Ta kwanta rigingine, gwiwoyi a tanƙwashe, tafin ƙafa a kan katifa, a sa matashi a ƙarƙashin gwiwa idan miƙewar tana damunta. Minti biyu na farko babu motsi sai numfashi, hannunta ɗaya a kan ciki tana jin yana tashi yana sauka. Daga nan ta riƙa danna ƙasan bayanta a kan katifa a hankali yayin fitar da numfashi, ta saki yayin shaƙa, kamar sau biyar. Sai ta karkata gwiwoyin biyu zuwa dama da ɗan abin da bai wuce faɗin tafin hannu ba, ta dawo, ta karkata hagu. Sai ta zame diddige ɗaya a kan zanen gado har ƙafar ta kusa miƙewa, ta jawo ta. Jikarta da ke zaune a gefe ba ta danna mata ƙafa, ba ta ja mata hannu, aikinta tambaya ce kawai: "Kaka, ja kike ji ko suka?" Idan ta ce ja ne mai ɗan nauyi, a ci gaba. Idan ta ce suka ce, ko wani abu kamar wutar lantarki ya bi ƙafar, a tsaya, a rage nisan motsin ko a bar shi a ranar. Duk zaman bai wuce minti goma ba, kuma wanda ya leƙo ɗakin zai iya cewa ba a yi komai ba.

Bayan mako biyu ko uku, idan jiki ya karɓa, sai a koma kujera mai tsayi, wadda ƙugu zai ɗan fi gwiwa tudu, a sa bulo a ƙarƙashin ƙafa idan ba ta taɓa ƙasa. Hannaye a kan gwiwa, ta buɗe ƙirji yayin shaƙa, ta ɗan dunƙule baya yayin fitarwa. Ta riƙe ɗankwali tsakanin hannayenta ta ɗaga zuwa daidai kafaɗa. Ta miƙe gwiwa ɗaya, ta ƙirga uku, ta sauke. Mafi amfani a cikinsu duka shi ne tashi daga kujera da komawa a hankali, da taimakon hannu tun farko, domin wannan motsin ne yake yanke hukunci ko mutum zai iya zuwa bayi da kansa. A nan zan ƙara wani abu da ba ya cikin yoga amma ya shafi sakamakonta: babu amfanin minti goma na motsi mai kyau idan za a mayar da ita kan kujerar tsuguno ta yini. A ɗaga mata wurin zama, a kafa abin riƙewa a bayi, a samo kujera mai rami idan tsuguno ya gagara. Tsayuwa ce mataki na ƙarshe, hannaye a bango, ana ɗaga diddige ana saukewa, kuma akwai waɗanda ba za su kai wannan matakin ba, kamar wanda shan inna ta bar shi a keken guragu ko wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Su ma suna da rabonsu a zaune, musamman motsin kafaɗa da wuya da ƙirji, tunda kafaɗar mai tura keke ko mai dogara sanda tana ɗaukar nauyin da ba a halicce ta dominsa ba.

Numfashi shi ne ɓangaren da aka fi rainawa, kuma shi ne wanda ko mai kwance ba ya rasa shi. Mai jin zafi yakan riƙe numfashi ya ɗaure tsokar ciki da wuya ba tare da ya sani ba. Idan ya shaƙa ta hanci a hankali ya kuma bar fitarwar ta fi shaƙar tsawo, bugun zuciya yakan ɗan sauka, tsoka ta saki, domin fitar numfashi a hankali tana tayar da ɓangaren jijiyoyin da ke kwantar da jiki. Shaƙa a ƙirgen uku, fitarwa a ƙirgen biyar ya isa. Irin numfashin nan na sauri da ƙarfi da ake gani a bidiyo, da riƙe numfashi na dogon lokaci, ba na mai hawan jini ba ne, ba na mai ciwon zuciya ko mai juna biyu ba.

Tambayar da ta fi wuya ita ce nawa ne ya isa. Masu gashin ƙashi, waɗanda muke kira kine, suna amfani da ma'auni daga 0 zuwa 10, inda 10 take nufin zafin da ba a iya jurewa. Ɗan ƙarin zafi a lokacin motsi ba laifi ba ne idan bai haura matsakaici ba, kuma ya koma yadda yake kafin awa 24. Idan washegari mutum ya tashi ya fi jiya muni, to an wuce gona da iri, sai a rage yawan ko nisan, ba a daina gaba ɗaya ba. Wajen farawa, a gano abin da mutum ke iya yi ko a ranar da ciwon ya matsa, a fara ƙasa da shi, a riƙe wannan adadin a ranar daɗi da ranar wuya, sannan a ƙara kaɗan bayan mako. Riƙe kai a ranar daɗi ya fi wuya fiye da daurewa a ranar wuya, kuma a nan ne mafi yawan mutane suke zamewa. Ya kamata kuma a kula kada a sha maganin kashe zafi mai ƙarfi dab da motsi domin a iya yin da yawa, tunda yana rufe alamar da ake auna komai da ita.

Wannan ma'auni na zafi yana da waɗanda ba ya yi musu aiki. Mai ciwon suga da jijiyoyin ƙafarsa suka mutu, da wanda kuturta ta taɓa, irin waɗanda cibiyar Danja da ke kudu da Maraɗi ta daɗe tana kula da su, suna iya jin rauni ba su sani ba, saboda haka ido ne zai duba musu tafin ƙafa da hannu bayan kowane zama. Mai amosanin jini, wato sikila, yana iya samun mutuwar kan ƙashin ƙugu, don haka ba a buɗa masa cinya da ƙarfi, ba a sa shi motsi cikin zafin rana ko da ƙishirwa, kuma ba a yi sam a lokacin da ciwon ya tashi. Tsohuwar da ƙashinta ya yi rauni ba a sa ta sunkuya sosai ko murɗa baya da ƙarfi, domin ƙashin bayanta yana iya tsagewa. Mai hawan jinin ido ba ya sauke kai ƙasa da ƙirji.

Akwai kuma zancen addini, wanda ba a kauce masa a garin da kusan kowa Musulmi ne. Yoga ta fito daga al'adun addinin Hindu, kuma wasu nau'o'inta suna ɗauke da kirari da ambato na wancan addini. A 2008 majalisar fatawa ta Malesiya ta hana Musulmi yin ta, a 2009 kuma majalisar malaman Indonesiya ta hana wadda ke ɗauke da ibadar Hindu, ta bar wadda motsa jiki ce zalla. Duk abin da na bayyana a sama, daga danna baya a katifa zuwa tashi daga kujera, motsin gaɓa ne da numfashi, babu ambato ko gaisuwa ga rana irin ta wasu nau'o'in yoga a ciki, kuma mafi yawansa kine yana koyar da irinsa a asibiti. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malaminsa, kuma ba a tilasta masa. Ita kuwa ƙa'idar sauko da aiki zuwa ga ikon jiki, mun san ta tun a makarantar allo. Imrana ɗan Husaini yana fama da basur ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da salla, aka ce masa ya yi a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Dattijon da ya san wannan hadisi na Buhari ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya yarda cewa motsi a kan kujera motsi ne cikakke.

Lokaci da wuri ma suna cikin daidaitawar. A watannin Afrilu da Mayu, da zafi ke haura maki 40, bayan sallar asuba ko bayan magariba ne jiki ke iya ɗauka, da ruwan sha a kusa. Da hunturu kuwa gaɓoɓi sun fi sandarewa da sassafe, gara a bari hantsi ya ɗaga. A watan azumi a mayar da shi bayan buɗa baki. Mata da yawa ba za su yi motsi a gaban namiji ko a tsakar gida mai jama'a ba, don haka ɗaki da mace mai taimako su ne sharaɗin da zai sa abin ya ɗore. Kine kaɗan ne a ƙasar nan, kuma yawancinsu a manyan birane suke, shi ya sa wanda ya zo daga Tibiri ko Madarunfa ko Dakoro ya samu ganin ɗaya, ya kamata ya taho da wanda zai riƙa taimaka masa a gida, a nuna musu motsi huɗu ko biyar, a ɗauka a waya, maimakon su koma su kwaikwayi baƙon da bai san ciwonsa ba.

A ƙarshen wata na uku ne ake zama a duba ko abin ya yi amfani, kuma tambayar ba ta tsaya ga ko zafin ya tafi ba, domin sau da yawa yana nan. Tun ranar farko ake sa maras lafiya ya zaɓi abu biyu ko uku da yake son dawowa gare su, kamar yin alwala ba taimako, ko takawa zuwa masallacin unguwa, ko zama a shago daga safe zuwa azahar, ko barcin da ba ya yankewa sau uku a dare. Idan waɗannan sun matso, kuma ƙwayoyin da ake sha sun ragu, a ci gaba a ƙara kaɗan. Idan babu abin da ya sauya duk da an bi tsarin, ko wata sabuwar alama ta ɓullo, a koma wurin likita a sake duba musabbabin ciwon.